Mudu Ɗaya Za Mu Auna Kowa Da Shi: Maganar Fasistanci A Siyasar Amurka



Tun ranar 31 ga Oktoba, 2025, da Shugaba Donald Trump ya mayar da Nijeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke nuna damuwa ta musamman a kansu saboda tauye 'yancin addini, sunansa ya shiga bakin masu bi da yawa a ƙasar nan. Da sojojin Amurka suka kai hari ta sama a jihar Sakkwato a daren Kirsimeti na wannan shekarar, maganar ta ƙara ƙarfi. A wasu majami'u har an soma kiransa Sairus na zamaninmu, kuma duk wanda ya ɗaga hannu ya yi tambaya a kansa, sai a dube shi kamar ya sayar da 'yan'uwansa. A can Amurka kuwa, Kiristoci da waɗanda ba Kiristoci ba suna ta gardama a kan wata tambaya mai nauyi: shin siyasar ƙasarsu ta kama hanyar Fasistanci ne?

Mun ga ya wajaba mu sa baki, domin maganar ta shigo har kan bagadinmu. Ga matsayinmu tun daga farko. Amurka ba ta zama ƙasar Fasistanci ba, amma alamunsa sun bayyana a fili, kuma mu tsiraru ne ya kamata mu fi kowa saurin gane su, domin a ƙarƙashin irinsu muke zaune. Abin kunya ne mu yi kuka a kan wani abu a Kano ko Gusau, sa'an nan mu tafa masa hannu don a Washington aka yi shi.

MENE NE FASISTANCI?

Kada mu bari kalmar ta zama zagi kawai. Asalinta daga Italiya ne, daga sunan damin sanduna da aka ɗaure tare da gatari, wanda ake ɗauka a gaban mahukuntan Romawan dā. Benito Musolini ya kafa ƙungiyarsa a birnin Milan a 1919. 'Yan dabarsa masu baƙaƙen riguna suka yi ta dukan abokan hamayya, suna ƙona ofisoshinsu, 'yan sanda na kallo. A Oktoba 1922 sarkin Italiya ya naɗa shi firayim minista. A 1924 aka kashe ɗan majalisa Giacomo Matteotti bayan ya tona maguɗin zaɓe, zuwa 1926 kuma an haramta dukan jam'iyyu sai tasa.

A Jamus ma ta ƙofa Hitila ya shiga, bai haura katanga ba. An naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu, 1933. Cikin wata biyu majalisa ta miƙa masa ikon yin doka shi kaɗai, da ƙuri'a 444 a kan 94, kuma jam'iyyar 'yan Katolika na cikin waɗanda suka yarda.

Ba kowane mulkin kama-karya ne Fasistanci ba. Soja na iya ƙwace mulki ya ce kowa ya yi shiru. Shi Fasistanci taron jama'a yake nema, da sowa da tutoci. Yana gaya wa masu rinjaye cewa an wulakanta su, an ƙwace musu ƙasarsu, akwai wasu baƙi ko maciya amana a cikin gida da suka jawo haka, kuma mutum ɗaya ne tak zai iya dawo da martabar dā, saboda haka kada doka ko kotu ko jarida su tsaya masa a hanya.

Wannan ba labarin nesa ba ne gare mu. A 1941 sojojin Nijeriya, cikinsu da 'ya'yan Arewa masu yawa, sun yaƙi rundunar Musolini a Somaliya da Habasha. Kakanninmu sun ga aikin wannan aƙida da idonsu.

ABIN DA YA SAMI IKKILISIYA

Abin da ya fi ba mu tsoro a tarihin nan shi ne yadda masu bi suka karɓi waɗannan mutane hannu bibbiyu. Musolini ba mai ibada ba ne, amma a 1929 ya ƙulla yarjejeniya da Fadar Fafaroma, addinin Katolika ya zama addinin ƙasa, ana koyar da shi a makarantu. Shugabannin ikkilisiya da yawa suka ce Allah ne ya aiko shi. Bayan shekara shida ya auka wa Habasha, ɗaya daga cikin ƙasashen Kirista mafi daɗewa a duniya, ya zuba wa mutanenta iska mai guba, wasu bishop-bishop na Italiya kuma suka sa wa sojojinsa albarka. A Mayu 1937 sojojinsa suka harbe ɗaruruwan masu hidima da almajirai na gidan ibadar Debre Libanos. Mai kāre Kiristanci ke nan.

A Jamus, fastoci da yawa sun ji tsoron Kwaminisanci da lalacewar tarbiyya, sai suka ga Hitila a matsayin garkuwa. Wata ƙungiya mai kiran kanta Kiristocin Jamus ta ci kusan kashi biyu cikin uku na kujeru a zaɓen ikkilisiya na Yuli 1933, ta nemi a kori fastocin da ke da jinin Yahudawa, wasu cikinta har suka nemi a yar da Tsohon Alkawari. Fasto Martin Niemöller ya goyi bayan Hitila da farko. Da ya farga ya soma magana, aka kama shi a 1937, bai fito ba sai 1945. A Mayu 1934 'yan kaɗan suka taru a Barmen suka shaida cewa ikkilisiya ba ta da wani ubangiji sai Yesu. An rataye Dietrich Bonhoeffer ranar 9 ga Afrilu, 1945. A sansanin Dachau kaɗai an tsare ma'aikatan ikkilisiya sama da 2,700.

Darasin a fili yake. Irin wannan mulki ba ya zuwa wa ikkilisiya da fuskar maƙiyi. Yakan zo ne da alkawarin tsaro, ranar biyan kuɗin kuwa tana can gaba.

ALAMU HUƊU

Yanzu bari mu ɗauki mudu mu auna Amurka, da abubuwan da suka faru a gaban idon duniya.

Alama ta farko ita ce ƙin karɓar kaye. Trump ya faɗi zaɓen 2020. Shi da magoya bayansa suka shigar da ƙara sama da 60, kusan duka suka faɗi, har a gaban alƙalan da shi ya naɗa. Ranar 2 ga Janairu, 2021 ya kira sakataren jihar Jojiya, Brad Raffensperger, ɗan jam'iyyarsa, ya ce ya nemo masa ƙuri'a 11,780. Bayan kwana huɗu taron magoya bayansa suka fasa ginin majalisar dokoki don hana tabbatar da sakamako, 'yan sanda kimanin 140 suka ji rauni. Ranar da ya koma mulki, 20 ga Janairu, 2025, ya yi afuwa ko sassauci ga mutum kimanin 1,500 da aka tuhuma a kan wannan hari, har da waɗanda suka doki 'yan sanda. Mu da muka ga an ƙone majami'u, an kama 'yan tarzoma da safe an sake su da yamma, mun san saƙon da irin wannan afuwa ke aikawa. Tana gaya wa mai sanda cewa in don maigida ya yi duka, ba abin da zai same shi.

Alama ta biyu ita ce mai da wani rukunin mutane abin ƙyama. A Nuwamba 2023 Trump ya kwatanta abokan hamayyarsa na cikin gida da ƙwari da ya kamata a kawar. A Disamba na shekarar ya ce baƙin haure suna zuba guba a jinin ƙasa. A muhawarar Satumba 2024 ya ce 'yan Haiti da ke garin Springfield suna cin karnuka da kyanwoyin maƙwabta, alhali hukumomin garin da gwamnan jihar Ohayo, ɗan jam'iyyarsa, sun ce babu shaidar haka. Aka yi ta barazanar bam har aka rufe makarantu. Yawancin waɗannan 'yan Haiti masu zuwa sujada ne kamar mu. A Disamba 2025 ya kira 'yan Somaliya mazauna Amurka shara. Ku tuna da Haman a littafin Esta, sura 3. Bai ce wa sarki Yahudawa sun yi wani laifi takamaimai ba. Ya ce ne akwai wata jama'a a warwatse cikin ƙasa, al'adunsu dabam, zamansu ba riba ba ne ga sarki. Da wannan magana ake fara kowace halaka. Mun san yadda kalmar "arna" ke share wa wuƙa hanya. Mun san ƙarya ɗaya a kasuwa ta isa a tashi unguwa. Yaya za mu ji irin wannan harshe a bakin wani mu ce wasa ne?

Alama ta uku ita ce sa doka a ƙarƙashin mutum ɗaya. A Disamba 2022 Trump ya rubuta cewa maguɗin da yake zargi ya isa dalilin jingine dokoki, har da na tsarin mulki. A makonsa na farko a 2025 ya kori manyan masu binciken ma'aikatu aƙalla 17. A Maris 2025 gwamnatinsa ta tono wata dokar lokacin yaƙi ta 1798, ta kwashe mutum sama da 200, yawancinsu 'yan Benezuwela, zuwa wani kurkuku a El Salvador ba tare da an gurfanar da su ba, ko da yake alƙali ya ba da umarnin a juyo da jiragen. Da shugaban ya nemi a tsige alƙalin, sai da Babban Jojin ƙasar, John Roberts, ya fito ya tsawata. A Yuni ya tura dakaru 4,000 na rundunar tsaron ƙasa da sojojin ruwa 700 birnin Los Angeles ba da yardar gwamnan jihar ba. A Agusta ya kori shugabar hukumar ƙididdigar ayyukan yi a ranar da alƙaluman da ba su yi masa daɗi ba suka fito. A Satumba ya umarci ministar shari'a a bainar jama'a ta gurfanar da abokan gabarsa, aka kuwa tuhumi James Comey da Letitia James, kafin kotu ta yi watsi da ƙararrakin a Nuwamba. Dattawan da suka ga Doka ta 2 ta 1984, wadda ta ba da ikon tsare mutum ba shari'a, da waɗanda suka ga jam'iyyu biyar sun tsayar da Abacha shi kaɗai a 1998, ba sa bukatar farfesa ya fassara musu wannan.

Har ila yau, a ranarsa ta farko ya sa hannu a kan umarnin hana wasu jariran da aka haifa a Amurka zama 'yan ƙasa, hakkin da ke cikin tsarin mulkinsu tun 1868, kotuna suka dakatar da shi a 2025. Wane uba ne a cikinmu bai san zafin a hana ɗansa takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ba, don sunansa Bulus ko Markus, alhali kabarin kakansa na garin?

Alama ta huɗu ita ce mai da addini tutar siyasa. Ranar 1 ga Yuni, 2020 aka tarwatsa masu zanga-zanga da hayaƙi mai sa hawaye kusa da fadar shugaban ƙasa, jim kaɗan ya taka zuwa gaban majami'ar St. John ya ɗaga Littafi Mai Tsarki aka ɗauke shi hoto. Bai buɗe ba, bai yi addu'a ba. A Maris 2024 ya tallata wani bugun Littafi Mai Tsarki a kan dala 59.99, an haɗa shi da tsarin mulkin Amurka cikin bango ɗaya. Masu fasa majalisa a 2021 sun ɗauki gicciye da tutoci masu sunan Yesu. Amma da Bishop Mariann Budde ta roƙe shi daga bagade, ranar 21 ga Janairu, 2025, ya ji tausayin baƙi da masu jin tsoro, sai ya zage ta ya ce ta nemi gafara. A wannan makon gwamnatinsa ta soke ƙa'idar da ta hana jami'an shige da fice kama mutane a majami'u, makarantu da asibitoci, har ɗarikoki da dama suka kai ƙara. Sarkin da ke son hoton Littafi amma ba ya son muryar annabi, Ahab ne sunansa a tarihinmu.

ABIN DA BABU

Gaskiya ta hana mu wuce gona da iri. Masu cewa Trump Hitila ne suna raina mutum miliyan shida na Yahudawa da aka hallaka, kuma suna sa jama'a su daina saurara. Trump ya ci zaɓen 2024 da gaske, da wakilai 312 a kan 226. Ba a haramta jam'iyyar adawa ba. A Nuwamba 2025 'yan Dimokrat suka ci kujerun gwamna a Bajiniya da New Jersey. A Yuni da Oktoba na shekarar miliyoyin mutane suka fita zanga-zanga suka koma gida. Jaridu na sukarsa kullum, alƙalai sun sha yanke hukunci a kan gwamnatinsa. Ba shi da rundunar 'yan daba ta jam'iyya irin ta Musolini. Kuma zaluncin hukuma a Amurka bai fara da shi ba: gwamnatin Roosevelt ta tsare mutum kimanin 120,000 'yan asalin Japan tun daga 1942, baƙaƙen fata kuma sun sha wariya a jihohin kudu har cikin shekarun 1960.

Masana ma sun rabu. Robert Paxton, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin Fasistanci, ya daɗe yana ƙin laƙaba wa Trump wannan suna, sai bayan harin Janairu 2021 ya ce yanzu ya dace. Richard Evans, masanin tarihin Jamus, bai yarda ba. Steven Levitsky na ganin abin ya fi kama da mulkin da ake yin zaɓe amma mai riƙe da gwamnati ya karkata fili. Sai dai ku lura da wannan: Janar John Kelly, wanda ya shugabanci ma'aikatan fadar Trump, shi da kansa ya ce a Oktoba 2024 maigidansa na dā ya cika siffar ɗan Fasistanci. Kelly ba ɗan adawa ba ne, mutumin cikin ɗaki ne, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ba mu damu da a ci gardamar suna ba. Wanda ya ga hadari ya haɗu ba ya jira a gama musu ko ruwan zai kai kwana kafin ya kwashe shanya. Abin da ya hana Amurka faɗawa rami shi ne kotuna, jaridu, gwamnonin jihohi da zaɓe, su ne kuma daidai abubuwan da ake ta sara. Italiya ma ta yi shekara huɗu da majalisa da jaridun adawa bayan hawan Musolini.

"AI SHI KAƊAI YA KULA DA MU"

Mun san amsar da za a ba mu, kuma ba mu raina ta ba. Jininmu ya zuba. An sace Leah Sharibu a Dapchi a 2018. An yanka Rabaran Lawan Andimi na Michika a Janairu 2020. An kashe Deborah Samuel a Sakkwato a Mayu 2022. An ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a Janairu 2015. Shugabannin duniya da yawa sun kau da kai. Amurka ba ta sa Boko Haram cikin jerin ƙungiyoyin ta'adda ba sai Nuwamba 2013, gwamnatin Biden kuma ta cire Nijeriya daga jerin ƙasashen damuwa a Nuwamba 2021, abin da ya yi mana ciwo ƙwarai. Trump ne ya tayar wa Shugaba Buhari da maganar kisan Kiristoci a Afrilu 2018, gwamnatinsa ce ta amince da sayar wa Nijeriya jiragen yaƙi 12 na Super Tucano. Wanda ya yi maka alheri ka gode masa. Mun gode.

Amma godiya ba ta rufe ido. Ku duba sauran lissafin. Ranar da ya koma mulki ya dakatar da shirin karɓar 'yan gudun hijira, hanyar da Kiristocin da ake tsananta wa a ƙasashe da yawa suke bi su tsira. Daga baya ya sa iyakar mutum 7,500 a shekara, mafi ƙanƙanta tun da aka kafa shirin a 1980, aka ce yawancin guraben na Turawan Afirka ta Kudu ne. A Yuni 2025 ya rufe wa 'yan Chadi da Sudan ƙofa, a Disamba ya ƙara da Nijar, ya kuma taƙaita bizar 'yan Nijeriya, ba a ware ɗan Chibok ko ɗan Mangu ba. An rushe hukumar USAID, wadda ke tallafa wa asibitoci da sansanonin 'yan gudun hijira a Arewa maso Gabas. A Maris 2025 Muryar Amurka ta yi shiru, har da Sashen Hausa da iyayenmu suka saba ji da asuba. Wani rahoto da ƙungiyar masu bishara ta Amurka da majalisar bishop-bishop na Katolika suka fitar tare da wasu a Maris 2025 ya nuna cewa kusan huɗu cikin biyar na mutanen da ke fuskantar kora daga ƙasar Kiristoci ne. A Nuwamba 2025 bishop-bishop ɗin suka fitar da saƙo na musamman suna ƙin korar jama'a ba bambancewa. Su ma maƙiyan bishara ne? Gaskiya ne kusan takwas cikin goma na fararen masu bishara sun zaɓi Trump, amma yawancin ikkilisiyoyin baƙaƙen fata, waɗanda suka san zaman tsiraru kamar mu, ba su bi shi ba. Me ya sa muke jin muryar waɗancan, ba ma jin ta waɗannan?

Masu kiransa Sairus kuma su karanta labarin har ƙarshe. Allah ya yi aiki da Sairus, haka ne. Amma daga wannan gadon sarauta ta Farisa ne aka ba Haman zoben hatimi ya rubuta a hallaka mutanen Allah. Tagomashin sarki kamar inuwar gajimare yake. Wanda ya tashi yau ya ce zai cece mu don ya ga dama, gobe yana iya sayar da mu don ya ga dama, in dai ba abin da ke ɗaure shi sai ra'ayinsa. A ƙarshe kuma, bayan jiragen sun koma, mu ne za mu kwana a unguwa ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma 'yan bindiga ke kashewa a Zamfara da Katsina. Duk abin da zai sa a ɗauke mu 'yan koren wata ƙasa, kanmu zai dawo.

Wasu za su kawo Romawa 13, su ce a yi biyayya ga mahukunta. To, Trump ba shugabanmu ba ne. Ko da shi ne, Bulus ɗin da ya rubuta wannan sura shi ne ya ƙi fita kurkukun Filibi a ɓoye sai mahukunta sun zo da kansu, shi ne ya hana a yi masa bulala ba shari'a a Urushalima, shi ne ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Manzon ya san cewa doka ce mafakar marar ƙarfi.

Nan ne zuciyar maganar. Mai rinjaye yana iya wasa da doka, domin yana da yawa. Mu ba mu da yawa. Abin da muke riƙewa idan an hana mu filin gina majami'a, ko an cire darasin addinin Kirista daga makaranta, ko an ɗauke yarinya an ce ta tuba, shi ne sashe na 10, na 38 da na 42 na tsarin mulkin 1999, da alƙalin da zai iya ce wa gwamna a'a. Kotu ce ta wanke Rhoda Jatau a Bauchi a Disamba 2024, bayan ta sha watanni 18 a tsare. Tun 1999, da Zamfara ta buɗe ƙofa jihohi 11 suka bi, muke cewa gwamnati ba ta da addini, ɗan ƙasa ɗan ƙasa ne. In muka yarda cewa a Amurka daidai ne masu rinjaye su ce ƙasar tasu ce su kaɗai, da wane baki za mu musa wa mai faɗin haka a nan? Hujjar da muka ba Washington, mun ba Gusau.

ROƘONMU

Iyayenmu dattawa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga abin da muke roƙo.

Na ɗaya, a tsare bagade. A yi addu'a domin shugabannin Amurka kamar yadda ake yi domin namu, amma kada a ba wani ɗan siyasa, na gida ko na waje, sunan mai ceto ko shafaffe a cikin sujada.

Na biyu, majalisun dattawa su ja kunnen masu yaɗa hotuna da annabce-annabcen ƙarya a WhatsApp da Facebook. Shaidar zur zunubi ce ko da ta goyi bayanmu.

Na uku, a koya wa matasa tarihin ikkilisiyar Jamus da Italiya a makarantun Littafi Mai Tsarki da tarurrukan matasa, tare da 1 Sama'ila 8 da Daniyel 3, su san yadda jama'ar Allah ke neman sarki don tsoro, da yadda mutum uku suka ƙi rusuna wa gunki.

Na huɗu, duk taimakon da ya zo daga waje mu karɓe shi da ido buɗe, mu nemi wanda zai ƙarfafa shari'a: a kama masu kisa, a gurfanar da su, a mai da mutane gonakinsu, a kāre kowane ɗan ƙasa.

Na biyar, mu tuna da 'yan'uwanmu baƙi a Amurka, 'yan Haiti, 'yan Latin Amurka, 'yan Afirka, waɗanda wasunsu ke tsoron zuwa sujada ranar Lahadi. Muna so duniya ta ji kukanmu, sai mu ma mu ji nasu.

Ko Amurka za ta ja da baya daga wannan hanya, 'yan ƙasarta ne za su yanke a kotunansu da akwatunan zaɓensu. Namu shi ne kada tsoro ya sa mu kira mugunta nagarta. Ikkilisiya ta ga bayan Nero, ta ga bayan Musolini da Hitila, ba kuwa don ta sami wani ƙaƙƙarfan mutum ya tsaya mata ba.

Ubangiji ya ba mu idon ganewa, ya ta'azantar da masu makoki a cikinmu, ya ba ƙasarmu da Amurka shugabanni masu tsoronsa. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka. Amin.